Ranar da Na Ɗanɗana wa Nana Maganin Haƙori

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai 'yata Nana wurin likitar haƙori a nan Daura ba. Ko na so mantawa ma, mutanen gidanmu sun ɗauki nauyin tuna mini.

Matauninta ne ya rube har ciwon ya kai jijiya, ta kasa ko shan koko. Ni a tunanina a cire kawai, tunda famfara za ta yi. Likitar (tsohuwar ɗalibata ce, ni na koya mata rubutun insha'i, wannan ma ƙarin gishiri ne a kan miki) ta ce a'a. Wannan haƙorin shi ke tsare wa na girma wuri, in an cire shi da wuri sauran sai su fito a karkace. Za ta kwashe inda ya rube, ta rufe jijiyar da magani, ta cike ramin. Sharaɗi ɗaya ne: Nana ta buɗe baki. In ta ƙi, sai Katsina, a sa ta barci.

Nana kuwa ta datse baki gam, kamar an ba ta ajiya.

Ni da na sha karatu a waya, sai na gyara zaman hula na shiga tuhuma. Wane magani ne? Ba shi ne tsohon nan da ake kokwanto a kansa ba? Ba zai taɓa haƙorin da ke ƙasa ba?

"Malam, wancan mun daina amfani da shi a nan," in ji ta cikin ladabi. "Na yanzu wani farin gari ne da ake kwaɓawa, jiki na karɓarsa lafiya."

To mu a gidanmu magani ba ya shiga bakin yaro sai babba ya fara ɗanɗanawa. Ko mai tallar magani a kasuwa shi ke fara kurɓa. Likitar na juya baya ta wanke hannu, na ga wani abu mai yauƙi a ɗan faranti, na lakato da yatsa (ban yi rowa ba), na shafe harshe da leɓe.

Ashe maganin kashe dadashi ne kafin allura.

Na buɗe baki in yanke hukunci irin na masana, sai harshe ya ce bai san ni ba. Leɓe ya saki, yawu ya gangaro kan farar shaddata.

"Innalillahi! Malam, me ka sha?"

"Ba... bomai," na ce, ina nufin ba komai.

"Abba yana dalala kamar jaririn Anti!" in ji Nana, ta tuntsire da dariya, baki har kunne. Likitar ba ta yi wata-wata ba: "Yauwa 'yar gari, tsaya haka, ki ci gaba da kallon Abba." Haka na zauna a gabanta da hankici a haɓa, ana aiki ina zama abin kallo, har aka gama.

Haƙorin na nan daram, jiya ma na gan ta tana gurgurar rake da shi.

Abin da na koya: tambaya haƙƙin uba ce, a yi ta har a gamsu. Amma in an ba ka amsa, ka karɓa da kunne, ka bar yatsanka a aljihu.