Sunan da Baffa Bai Faɗa wa Maigadi Ba

Kwana uku ke nan Ramlatu ba ta tsokani kakanta ba. Takan kawo masa kunu zaure, ta durƙusa ta gaishe shi kamar baƙo, ta juya. Malam Baffa ya san laifinsa. An zaɓe ta cikin masu zuwa gasar lissafi a Kano, aka ce sai waliyyi ya zo taron iyaye ya sa hannu. Ubanta yana Fatakwal, uwarta tana jego, Baffa ya ce shi zai je. Ya kuwa hau acaɓa tun daga Rurum har Rano, amma ya dawo bai sa hannun ba, aka ba wata yarinya, Afra'u, gurbin. Ladabin nan nata ya fi masa zagi ciwo. A rana ta huɗu, da ta gaishe shi, sai ya ƙi barin ta tafi.

"Lafiya lau, Ummi. Wannan kunun da hannu aka dama shi ko da fushi?"

"Da abin da ya dace da mai shi aka dama."

Ya ji sanyi a ransa. Ko ba komai, baki ya buɗe.

"Ni dai wata amaryar zan nema. Wannan ta cika tsami."

"Wa za ta ɗauke ka? Angon da ya ci babbar riga har da turare, ya je ƙofar makaranta ya ƙare a gindin darbejiya wurin mai rake?"

"Iska nake sha."

"Awa uku?"

"Iskar Rano ba ta saurin shiga jiki."

Ta ajiye kwanon ta zauna a bakin tabarma. "Maigadin makaranta ya ba ni labari. Ya ce wa kake nema, ka ce Ummi. Ya ce wace Ummin, ka ce Umminka."

"Ƙarya na yi?"

"Tsoho, a ajinmu kaɗai Ummi shida ce! Babu Ummi a rajista. Ramlatu Ishiyaku, iyakar abin da za ka ce ke nan a buɗe maka."

Baffa ya dubi ƙasa. Ramlatu sunan mahaifiyarsa ne, ita aka yi wa takwara. Ya haura saba'in, sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba, tana raye balle bayan ranta.

"Ni in tsaya a bakin titi in kira sunan uwata gatsal, gaban yaron da na girmi ubansa?"

"To da ka faɗi ajina."

"Ai na faɗa. Na ce ajin manya."

"Na nawa?"

"Mai taga ɗin nan."

"Shekara huɗu ina makarantar nan. Ka san watan da akuyarka za ta haihu, ba ka san ajina ba."

"Akuya a gidan nan take kwana."

"Ni a Makka nake kwana?"

Ya buɗe baki zai rama, sai ta riga shi.

Muryarta ta yi ƙasa. "Sau uku aka kira sunana. Malam Ubaidullahi, mai koya mana lissafi, yana ta duban ƙofa. Kakar Afra'u da sanda ta zo, ta dangwala yatsa, har da guɗa."

"Na ji guɗar daga waje," in ji Baffa a hankali. "Na ɗauka taki ce. Har na ce wa mai rake, ka ji, ta jikata ce."

Sai ya jawo gafakarsa, ya ciro takarda da alƙalami da tawada, ya rubuta wani abu da ajami, ya hura ya bushe, ya miƙa mata. Sunanta ne, cikakke.

"Baki ne ba ya iyawa. Hannu bai ce komai ba."

"Ina dabarar nan take ran taron?"

"A kan acaɓa ta same ni, muna hanyar dawowa. Taro na gaba yaushe ne?"

"Bayan hutu. Gasar dai ta wuce."

"Ta wuce," ya ce.

Ta juya takardar. "Maigadin ma ba ya karatun ajami."

"To uwata kuma amaryata, a taimaki tsoho a sa na boko a ƙasa."

Ta harare shi, harara ta gaske irin wadda ya yi kewa. Ta ɗauko biro ta rubuta, sai ya ga ta ƙara wani dogon layi.

"Me kika ƙara kuma?"

"Na ce duk wanda ya tsinci tsohon nan, don Allah ya kai shi aji huɗu."

Baffa ya yi dariya har da hawaye, ya ninke takardar ya cusa a hula. Bai bari ta gane ko wane irin hawaye ba ne.