Ranar da Aka Kawo Mana Ɗumame Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Soron Ɗinki ba, ko da kuwa na so mantawar. Lokacin ba a jima da dawowa mulkin farar hula ba, ni kuma sabon ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar Nassarawa, ina yawo da farar riga ko'ina har wurin mai shayi.

Aka kawo mana shirin gwajin ciwon dajin hanji. Aikin mai sauƙi ne: duk wanda ya manyanta a ba shi 'yar roba mai ɗan cokali a jikin murfinta, ya kawo bayan gidansa kaɗan, a duba ko akwai ɓoyayyen jini. An fi so a samu 'yan dako da masu ƙananan sana'o'i da ke shigowa daga ƙauyuka, tunda su ba sa zuwa asibiti sai an ɗauko su ranga-ranga. Shugabarmu, Hajiya Sista, ta tambayi wa zai je ya yi musu bayani. Na ɗaga hannu tun kafin ta rufe baki (ba wanda ya tilasta ni, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai).

Mai unguwa ya tara mana mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na yi sallama, na gyara murya, ina ɗaga kai sai muka yi ido huɗu da Alhaji, mahaifin yarinyar da aka sa mana rana, zaune a sahun gaba yana jan carbi. Ta yaya zan buɗe baki in ambaci kashi a gaban surukina?

Sai na shiga kewaye-kewaye. Na yi maganar hanji, na yi maganar rigakafi, na jefa Turanci nan da can. Da na zo wurin da ba makawa, na sunkuyar da kai na ce, “To iyayena, abin da kuka ci da dare, idan ya kwana, da safe ku ɗebi kaɗan da wannan cokalin ku kawo mana.” Kowa ya gyaɗa kai, aka raba musu robobin. Na koma gida ina yaba wa kaina hikima.

Washegari ina shiga asibiti na tarar da layi har bakin ƙofa, Hajiya Sista na tsaye da safar hannu, ta jera robobi a kan tebur a buɗe. Ta farko tuwon masara da miyar kuka. Ta biyu shinkafa da wake, har da ɗan yaji. Wani bawan Allah ma ya ɗumama nasa kafin ya zuba.

“Zo nan,” ta ce. “Me ka ce musu jiya?”

Na maimaita mata. Ta nuna mini layin. “Juya ka faɗa musu da Hausar da uwarka ta koya maka.”

Na juya. Alhaji ne na uku a layi, riƙe da tasa robar cikin leda. Na rufe ido na ce, “Kashi... kashi ake so ku kawo.”

Nan take dariya ta ɓarke. Wani dattijo ɗan dako da ake kira Baba Ilu shi kaɗai bai yi ba. Ya matso ya ce, “Likita, ai da ka faɗa tun jiya. Ni tun damina nake ganin jini, na ɗauka basir ne, ina ta shan saiwa.”

Dariyar ta tsaya. Alhaji ya miƙa wa Hajiya Sista ledarsa (tasa daidai take, ashe shi ya gane tun farko), ya dube ni ya ce, “Yaro, kunyata ka ji, mutum na zubar da jini a bayana?” Da ƙasa za ta tsage da na shige har da farar rigar.

A ranar aka tura Baba Ilu babban asibiti. Ciwon ne, amma an tarar bai yi nisa ba, aka yi masa aiki, ya koma ƙauyensu da ƙafarsa. Sauran kuma muka sake raba musu robobi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗin kalmar nan har ta daina yi mini nauyi.

An ɗaura auren dai, Alhaji bai fasa ba. Sai dai har yau ƙannen matata Likitan Ɗumame suke kirana, 'ya'yana ma sun fara koya. Abin da na ɗauka shi ne, kunya tana da wurinta, amma ba a teburin asibiti ba. Yanzu ko a gaban wa ne, in kashi nake nufi, kashi nake cewa.