Ƙulli a Bakin Gyalen Kaka

Shekarunta sittin da tara, ungozoma ce da ta yi ritaya, kuma tun da ta karɓi lasin tuƙi ba a taɓa tsayar da ita a kan titi ba sai watan jiya. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, ta marigayi mijinta. Da ita take zuwa kasuwa, da ita take kai ƙawarta asibiti wankin ƙoda duk mako. Yanzu an ce ta bayyana gaban alƙali saboda gudun wuce ƙa'ida, kuma babban ɗanta ya riga ya faɗa, ba da wasa ba: in aka dakatar da lasin, ko na mako guda ne, zai karɓe makullin motar, ba kuwa zai dawo da shi ba.

Ana gobe za a shiga kotu, da yamma, jikanta ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ɗan babban ɗan nata ne, mai gyaran firji, kowa a gidan Dogo yake ce masa.

"Sannu da gida, amarya. Ashe ba su zo sun tafi da ke ba tukuna?"

"Lafiya lau, ragon miji. Yau ma hannu na dukan cinya ka zo?"

Ya ce ai shi ya fara neman wata matar, wadda hukuma ba ta nema. Ta ce ya je ya nema, ta ga wadda za ta kwashi mutumin da kullum yake warin gas da tsatsa. Ita da ta yanke masa cibiya da hannunta, tun ranar ta san ba zai yi auki ba.

Ya ajiye jaka, ya ce ta sake ba shi labarin yadda aka yi, kada ta rage komai. Ta ce jami'in da ya tsayar da ita yaro ne, sa'an Dogo, da hular da ta yi masa yawa. Ya gaishe ta da ladabi, ya duba takardu, kuma ga dukkan alama gargaɗi kawai zai yi mata ya sallame ta. Sai ta dube shi, bakinta ya riga ta. Ta kira shi mijina, ta tambaye shi wa ya ɗora masa hular da ta haɗiye masa kunnuwa, ta ce in yunwa ce ta rame da shi haka ya biyo ta gida. Abokan aikinsa biyu suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. A nan ya zaro biro.

Dogo ya ce ya san za a yi haka. Akwai wani lauya da ya gyara wa firji a makon nan, ya tambaye shi. Lauyan ya ce abin ba wuya: ta je da wuri, ta kashe waya, in an kira ta ta miƙe, ta amsa abin da aka tambaye ta kawai, ta amsa laifinta, ta nemi sassauci tunda karon farko ne. Ya kuma ce alƙalin da ke zama a wannan kotun matashi ne, da ƙyar in ya girmi Dogo da shekara goma.

Kaka ta ajiye kofin shayinta. 

Dogo ya jawo teburin cin abinci tsakiyar falo, ya yafa baƙar rigar ruwa ta kakansa da ke rataye bayan ƙofa, ya ɗauko sifana daga jaka ya riƙe. Teburin guga ya kafa mata a gefe, ya ce nan ne wurin wadda ake ƙara. Ya buga sifana, ya ce ta faɗi sunanta da sana'arta.

"Kai da ka cinye min abinci tun kana rarrafe, yau ba ka san sunana ba?"

Ya ce an dakatar da lasin, a sake. A karo na biyu ta kai har "ranka ya daɗe", ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara da cewa wuyan mai shari'a kamar mariƙin lema. A na uku ya tambaye ta ko ta amsa laifinta. Ta ce ta amsa, amma shi ma mai shari'a ya amsa cewa rabon kansa da mataji tun bara. Ya ce alƙalin gaske da tuni ya sa an fita da ita. Ta ce alƙalin gaske ba zai zauna da rigar ruwa a cikin falo ba, ga gumi yana tsiyaya kamar firjin da ya gyara.

Dogo ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya ajiye sifanar, ya ce mata babansa fa da gaske yake, har ya fara tambayar wanda zai sayi motar. Ya ce shi abin da ya kasa ganewa, ita da mai keke yake wucewa, ita da masu babbar mota suke yi wa oda har su gaji, me ya kai ta gudu?

Ta zauna a hannun kujera. Ta ce ranar da safe wa ya tsaya a ƙofar gida yana faɗa a gaban ƙawarta cewa mai tura baro zai riga su isa asibiti? Ƙawar ta yi ta dariya har cikin ɗakin jira. Da ta sauke ta, ta biyo sabon titin nan mai faɗi, ba kowa a kai, sai ta ce bari ta gani ko ita da motar suna da sauran ƙarfi.

"So na yi in dawo in faɗa maka lambar da allurar gudun motar ta kai."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce to ashe shi ya kamata ya tsaya bayan teburin guga. Ta ce ya rufa wa kansa asiri, wa zai yarda cewa maganarsa tana da nauyin da za ta taka totur. Sannan ta yi ƙasa da murya. Ta ce shekarun da ta yi a ɗakin haihuwa, in abu ya rikice, da zolaya take riƙe mai naƙuda, da ita take riƙe kanta. Ranar da jami'in ya ɗaga mata hannu, tsoro ne ya kama ta.

"In na ji tsoro, bakin nan ba ya tsayawa. Gobe kuwa zan ji."

Tana magana tana murɗa bakin gyalenta, har ta ƙulla shi ba ta sani ba. Tsohuwar ɗabi'arta ce tun tana aiki, in tana son tuna wani abu kuma hannunta ba biro. Dogo ya kalli ƙullin. Ya ce ga shawara: gobe duk baƙar maganar da ta zo mata baki, ta haɗiye, ta ƙulla ta a gyale. In sun fito, a bakin ƙofar kotu, ta kwance su ɗaya bayan ɗaya a kansa, a gaban jama'a.

"Ba za ka rama ba?"

"Ko tari ba zan yi ba."

"Har ta wuyan?"

"Har ta wuyan."

Ta miƙe ta koma bayan teburin guga. Ya buga sifana. Ta faɗi sunanta da sana'arta. Ya tambaye ta ko ta amsa laifi, ta ce ta amsa, ranka ya daɗe. Ya gyara murya ya tambayi shekarunta, yatsunta suka tafi bakin gyale. Ya tambaya ko idonta yana gani sosai, suka sake tafiya. Da ya ce ko tana da abin faɗa, ta ce wannan ne karonta na farko, ta yi kuskure, kuma akwai mara lafiyar da take kai wa asibiti duk mako, ba ta da mai kai ta sai ita. Ta nemi sassauci. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Dogo ya ajiye sifanar. Ya tuɓe rigar ruwan, ya ce ta ci, ya sallama. Ya buɗe jakar aiki ya zaro sabon maratayin makulli na fata, ya miƙa mata. Makullin motar shekara da shekaru a jikin guntun bandeji yake ɗaure. Ta juya kyautar a tafin hannu, ta ce ashe yau ragon ya yi abin kai, ko da yake da gani mai araha ya zaɓo. Ya ce gyalen fa? Ta ce ai kotu ta tashi. Ta zauna ta kwance bandejin da kanta, ta mayar da makullin.

Da safe ya ɗauki hutu a wurin aiki ya zo raka ta, sanye da kwat ɗin babansa, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba, ga gashi an taje har yana ƙyalli. Ya same ta zaune a mazaunin direba, takardunta a kujerar baya, wayarta a kashe. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta kama bakin gyale ta yi ƙulli guda, ta ja shi da kyau.

"Shigo, ranka ya daɗe," ta ce, ta murɗa makulli.