Baƙon Kawu a Kujerar Baya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina son in manta, da wata Juma'a da na tuƙa kawuna da baƙonsa a cikin Deira, wata unguwa a Dubai. Lokacin ina aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a Port Saeed, ina kwana a fulat ɗin haya a Muraqqabat tare da wasu 'yan kasuwar Nijar. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ne ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu, mazaɓar da in damina ta sauka sai da babur ake shigarta. A gida ba mai kiran sunansa. Honarabul kowa ke cewa, har yayar da ta goya shi.

Wa'adinsa na farko ya zo ƙarshe, yana neman ta-zarce, amma tikitin jam'iyya yana hannun mutum ɗaya, Alhaji Sambo Mai Taki. Shi ke da wakilai, wanda ya nuna shi ake tsayarwa. Shi da Kawu kuwa sun ɓata tun shekarar farko. To a gidanmu zagin Mai Taki ya zama wani ɓangare na gaisuwa: ka shigo, ka durƙusa, ka tambayi lafiya, sannan ka ɗan taɓa Mai Taki, a nan ake gane kai ɗan gida ne. Ni ko ta waya ba na fashi. (A Kano na tashi, don haka a fasta kawai na san mutumin: ƙato, cikin babbar riga, da hula kamar za ta taɓo sama.)

Kawu ya bugo ya ce ya iso Dubai duba lafiya, in samo mota in kai shi Al Ras sayen turare. Na san manyanmu kan zo nan su yi maganar da ba ta yiwuwa a gida, inda ko tari ka yi sai an kai rahoto. Na sani sarai. Amma ranar nan ilimin bai yi mini rana ba.

Na ari motar ofis na tsaya a bakin otel. Sai ga Kawu tare da wani siririn dattijo cikin farar jallabiya da silifa, kai ba hula, yana riƙe da ledar magani. Na ɗauka irin 'yan rakiyar nan ne da ake ɗauko wa biza don Allah. Kawu da kansa ya buɗe masa ƙofa, ya jira ya zauna. Abin ya ɗan ɗaure mini kai, amma na ce a raina, Kawu dai akwai tawali'u.

Muna shiga cunkoso kusa da bakin ruwa, motar ta yi shiru. Ni kuma shiru ba ya zama da ni.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ya muke ciki da ɓarawon takin nan? Har yanzu yana cakuɗa wa talakawa da yashi?"

Kawu ya yi tari. Na rage sanyin mota.

Na ci gaba. Na ce mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba shi zai zaɓa mana wakili, na ce tumbinsa kaɗai ya isa ƙaramar hukuma. Na leƙa madubi, na ga Kawu yana ƙifta mini ido da sauri, na ɗauka yabo ne, wato ɗana ka iya. Sai na ji ƙafa tana dukan bayan kujerata. Na ce, "Yi haƙuri, Kawu," na matsa kujerar gaba don ya samu wurin miƙe ƙafa.

Dattijon nan ne ya fara magana, a hankali. "Ci gaba, yaro, ina jin ka. Wa ke faɗin wannan duka?"

"Baba, kowa a gida. Honarabul ma da bakinsa ya ce ranar da ya samu ta-zarce, Mai Taki ko kansila ba zai ƙara naɗawa ba. Magana ta ƙare."

Har yau ina jin muryar Kawu, siririya, kamar ba tasa ba. "Alhaji Sambo, don Allah kada ka kula shi. Direban haya ne, mutumin Nijar, otel suka haɗa ni da shi. Ban san shi ba."

Kaina ya kulle. Alhaji Sambo? Ina tumbin? Ina hular? (Daga baya na ji ciwon suga ne ya zabge shi.) Kuma wane ne mutumin Nijar ɗin? Na waiga gefena ko akwai wani a motar da ban lura da shi ba. Na bayanmu suna ta hon, wani ɗan tasi yana ɗaga mini hannu yana cewa yalla, wato in matsa, ni kuwa na rasa birki ne a ƙarƙashin ƙafata ko totur. Gumi ya jiƙa ni, ga shi ni na rage sanyin da hannuna.

"Af, mutumin Nijar ne," in ji Alhaji. "Amma na ji kamar ya ce Kawu."

"Haka suke ce wa kowa," in ji Kawu.

"Wane gari, samari?"

Na dubi madubi. Idon Kawu roƙona yake yi. Na ce, "Maraɗi. Wi, Maraɗi, patron."

Ashe Alhaji ya yi shekaru yana kai taki Maraɗi. Ya tambaye ni unguwa, na ce bayan kasuwa. Ya tambayi wace kasuwa, na ce babbar. Sai ya zuba mini wata doguwar magana da Faransanci. Duk abin da na tsinta a bakin abokan kwanana na zazzage masa: dakor (wato na yarda), wala, sa ba. Ban san ko tambayata ya yi ko zagina ba, na dai amince da komai. Kawu yana gefe yana gyaɗa kai, wai shi ma yana tabbatar da ni.

Da muka isa Al Ras, Alhaji ya sauka, ya zagayo ta tagata, ya sunkuyo. Fuskarsa ba fushi.

"Ya ƙafar Hajiya Hansatu?" ya ce. Sunan mahaifiyata ke nan. "Wannan hancin na gidansu ne, tun a bakin otel na gane ka. Ragon sunanka ni na kawo. In ka yi waya ka gaishe ta."

Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Dakor."

Ya juya wajen Kawu. "Honarabul, zagi ba komai ba ne, mu ma muna yi maka a gidanmu, har da waƙa. Da niyyar in ba ka tikitin nan na hawo jirgi. Amma yanzu na ga ka sayar da ɗan yayarka a kan titi saboda shi. To ni da ban haɗa jini da kai ba fa?"

Ya shige shagon turare. Da ya fito, tasi ya tare.

Na mayar da Kawu otel. Kunya ta ishe ni, amma gaskiya raina ma ya sosu, don ban taɓa zaton akwai ranar da zai ce bai san ni ba. Tikiti dai wani malamin firamare aka ba. Kawu ya sauya jam'iyya, ya tsaya, ya sha ƙasa, ya koma noman albasa. Har gobe danginmu a rabe suke: wasu na cewa bakina ne ya kayar da shi, wasu na cewa nasa ne. Mahaifiyata ba ta goyon bayan kowa, ta ce mu biyun duk a gidan muka koya.

Ni dai tun daga ranar, in na ga babban mutum ya buɗe wa mai silifa ƙofar mota, gaisuwa nake yi in tsaya a nan. In kuma na ji tari daga kujerar baya, ba na taɓa na'urar sanyi, bakina nake rufewa.