Ranar da Na Yi Shiɓa a Gaban Surukai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai ni gaida kakar Asma'u a unguwar Ammariyya ba. Asma'u ce yarinyar da nake nema da aure, kuma tun a mota aka ja min kunne cewa a gidan nan in Hajiya ta ce a'a, halas, magana ta mutu.

Ina durƙushe a gefen darduma, gumi na bin bayana duk da fanka na ta juyawa, sai Hajiya ta nuna wani ɗan baka da ke rataye a bango.

"An ce ka yi digiri. To angona, mene ne wancan?"

Na ce, in ban yi kuskure ba, bakan shiɓa ne. Na yi bayanin cewa shiɓa ita ce tsefe auduga bayan an gurje ta, a riƙa kaɗa tsirkiyar baka a cikinta har ta yi laushi, kafin a kai ga kaɗi. Asalin kalmar kuwa, na ce ina zaton, zato kawai, daga ƙarar tsirkiyar ta samo, amma ban samu wanda ya tabbatar min ba. (Da na tsaya a nan, da na fita da mutuncina.)

Sai bakina ya ƙara da cewa ai na sha ganin kakata tana yi.

"Masha Allah! Yalla, maza a kawo masa audugar matasan kan amarya."

Aka kawo. Na riƙe bakan kamar yadda nake jin na tuna, na yi bismilla, na ja tsirkiya da ƙarfi. Abin da ban tuna ba shi ne kakata a kusurwar ɗaki take yi, inda ko iska ba ta giftawa. Fanka ta kwashi audugar nan ta raba wa kowa. Ta sauka a kofunan shayi, ta sauka a gashin idona, wani curi kuma ya je ya zauna daram a gemun mahaifin Asma'u. Ni dai a raina har na fara yi wa auren ta'aziyya.

Sai Hajiya ta fashe da dariya har da tari. Da ta lafa, ta share ido ta ce, "Ni ma ban iya ba, ɗan nan. Na uwata ne, da shi ta zo daga Sudan. Jikokina sun ɗauka na harbin tsuntsu ne. Rabon da in ji an kira sunansa a ɗakin nan tun tana da rai."

Ta juya wajen ɗanta, wanda ke ta tsintar gemu. "A ba shi Asma'u. Amma kada a bar shi kusa da matasan kai."

Tun ranar, in na san sunan abu, nakan faɗi sunan in ja bakina. In kuma aka matsa sai na gwada, to a fara kashe fanka.