Wayar Kaka Tana Neman Marigayi

"...lafiya lau, sai kewar da ba ka yi ba. Ni ka zo dubawa ko ɓarnarka?"

Haka Kaka ta tari jikanta, mai rubuta manhaja, tun bai cire takalmi ba. Shi ya haɗa mata manhajar kiran 'yan gida: ta taɓa hoto, kira ya tafi. Amma tun rasuwar mijinta, da ta buɗe sai abin ya mutu murus. Ya zauna bakin gado, ya jona wayar da kwamfutarsa.

"Yatsunki ne, tsohuwa. Ko dutse kika latsa sai ya yi kuka. Yanzu zan gyara."

"An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Angon da waya ta gagara, ina zai iya riƙe ni?"

"Wa zai riƙe ki? Haƙori biyu, ɗayan ma na aro!"

"Da su na tauna wa ubanka nama, marar kunya."

Ya yi ta bin layukan, can ya ce, "Kash! A ajin iyali kowa na da gurbi mai riƙe adireshinsa a ƙwaƙwalwar waya. Na goge bayanan marigayi, adireshin na nan. Kullum tana zuwa ƙofarsa, ta tarar wayam, ta faɗi."

"Yi min Hausa."

"Mijinki take nema a ɗakin da ba kowa. Layi ɗaya zan rubuta, in ce mata babu shi."

Kaka ta dubi kujerar marigayi da ke bakin taga.

"Kar ka soma. Ni ma kowace safiya kofi biyu nake ɗaurayewa. Ashe wayar ta fi ka hankali."

"To ba za ta buɗe ba, amarya."

"In ba za ta neme shi ba, tafi da abarka."

Jikan ya koma kan kwamfutarsa. Ya lalubo wani tsohon saƙon murya da marigayi ya taɓa turo masa a wayarsa, ya cike gurbin da shi, ya mai da hoton. Kaka ta taɓa, sai ga muryar marigayi:

"Ina ragon nan? Zo ka ɗauki matarka, ta ishe ni da surutu!"

Ta yi dariya har da hawaye, ta sake taɓawa.

"Na sallama," in ji jikan. "Ya fi ni."

Ta zuba shayi a kofi na biyu, ta miƙa masa.

"Ungo, sha a nasa. Aro ne fa, ba kyauta ba."