Nomau Ya Zo Sayen Injin Ban Ruwa

Ƙanina Nomau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ce ni na faɗa. Ya iya noma, salla ba ta wuce shi. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana can ƙauye da Inna da matarsa Tasalla, kuma abincin gidan kaf daga fadamar albasa yake fitowa. Bana da rani injin ban ruwansu ya mutu. Inna ta sayar da saniyarta ɗaya tilo, ta turo min shi Kano ya sayo sabo. A waya ta ce min albasar ba za ta yi mako babu ruwa ba. Shi kuwa ta ja masa kunne: "Kada ka biya kuɗin komai sai ka ga ya yi aiki da idonka."

Wata rana, ta farko ke nan, na kai shi babban titin shaguna. Ya saki baki yana kallon benaye da kayan da aka jera a bayan gilashi. Na ce, "Kada ka tsallako sai ka ga babu mota." Na tsallake, ina zaton yana biye da ni. Ba shagon da ban leƙa ba ina nemansa. Sai bayan la'asar na same shi a inda na bar shi, rana ta gasa shi. "Yaya, ba su ƙare ba," in ji shi, yana nuna min wata motar da ko daga kan gada ba ta sauko ba.

Wata rana na ce, "Titin nan akwai ɓarayi. Sa hannu a aljihun kuɗin, kada ka cire." Ba mu yi nisa ba sai ga surukina, Alhaji Barau, ya fito daga shagon yadi. Ya miƙa wa Nomau hannu. Nomau ya miƙa masa na hagu! Alhaji ya tsaya yana kallonsa. "Yi haƙuri Alhaji," in ji ɗan'uwan nawa, "Yaya ne ya ce kada in cire, akwai ɓarayi." Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ranar nan a ban haƙuri ta ƙare.

Wata rana ya hango fulas, ya ce da ɗan canjinsa zai saya wa Tasalla. Mai shago ya ce yana riƙe zafin ruwa daga safe har magariba. Shi ke nan! Nomau ya sa mai shayi ya cika shi, ya rufe, ya nemi benci ya zauna. Na yi lallashi, na yi zagi, na ja rigarsa. "Ban ga ya yi ba tukuna, Yaya." Muna zaune Inna ta kira, murya a sanyaye, ta ce ganyen albasa ya fara kwanciya. Kamar in yi kuka don takaici.

Wata rana dai, ta huɗu, na riƙo wuyan hannunsa tun daga ƙofar gida har shagon injuna. Yadda suke yi a nan, akwai inji ɗaya na gwaji a bakin ƙofa. Mai shago ya zura tiyonsa a duro, ya ja igiya, ruwa ya yi tsiri. Muka daidaita, ya kinkimo mana sabo fil a kwali. Nomau ko kallonsa bai yi ba. Ya durƙusa ya rungume na gwajin, duk ƙura da baƙin mai.

"Wannan na ga ya yi aiki."

"Iri ɗaya ne, malam! Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Na kwalin ban gan shi ba."

Mutane suka taru ana dariya. Na daka masa tsawa: "Kai Nomau, ɗauki na kwali mu tafi, ka ishe ni!" Ya ƙara ƙanƙamewa. Mai shago ya ƙufula, ya farke kwalin don ya rufe masa baki. Ya zuba mai, ya haɗa tiyo, ya ja igiya. Inji ya yi ruri, amma ko ɗigo bai fito ba. Ya buɗe na biyu, haka. Dariya ta ɗauke. Ni kuma sai na hango mu a fadama da gawar inji, babu saniya babu albasa. Mai shago ya share zufa, ya ce Nomau ya ɗauki na gwajin ya tafi. A ranar ya kama hanyar ƙauye.

Washegari da hantsi Inna ta kira, ina jin ƙarar inji a bayanta. Ta ce ruwa ya shiga, albasa ta tashi. "Allah ya yi maka albarka. Da ba ka tsaya masa ba, da an cuci yaron nan."

Na ce amin, ban gyara mata ba. Sai na jiyo muryarsa daga can gefe:

"Inna, Yaya fa cewa ya yi in ɗauki na kwali."